Cire Haƙori Da Allurar Kashe Zafi: Ina Ainihin Haɗarin Yake, Kuma Wa Ke Gadinsa?

Shin gaskiya ne cire haƙorin sama yana taɓa ido? In kuma cire haƙori ƙaramin aiki ne kamar yadda wasu ke ɗauka, me ya sa lokaci zuwa lokaci ake jin wani ya suma a kan kujerar likitan haƙori, ko an sa wa yaro maganin barci don haƙori ɗaya bai farka ba? Duk sanda aka tayar da wannan magana a majalisa ko a shafukan sada zumunta, mutane kan rabu gida biyu. Akwai masu rantsuwa cewa sun san wanda ya daina gani bayan an cire masa haƙori, saboda haka gara su kwana suna dannar kunci da kanumfari. Akwai kuma masu ganin aikin bai wuce a kama da awartaki a fizge ba, abin da mai yawo da jaka a kasuwar ƙauye ma yake yi.

Dukansu sun ajiye tsoronsu a inda ba nan haɗarin yake ba. Haɗarin yana cikin numfashi, da bugun zuciya, da jini, da cututtukan da mutum ya shigo da su bai faɗa ba. Wanda kuma ya fi kowa kusa da ganin alamarsa ta farko shi ne wanda ba a cika kulawa da shi ba, wato ma'aikaci ko ma'aikaciyar da ke tsaye gefen likita riƙe da bututun zuƙe yawu. Mutane kan ce masa yaron likita. Amma idon likita yana cikin wani ɗan rami a bakin majinyaci, mataimakin ne ke ganin fuska da ƙirji da yatsu. Shi ya sa a Amurka ƙungiyar likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi ta tsara wa irin waɗannan mataimaka jarrabawa ta musamman mai suna DAANCE, kuma darasinta na farko sanin sassan jiki ne da yadda suke aiki, tun kafin a zo ga magunguna da na'urori.

Kalma ɗaya, abubuwa da yawa

Wani ɓangare na ruɗanin daga harshenmu ya taso. Hausa ta zuba abubuwa daban-daban cikin kalmar jijiya. Bututun da jini ke bi jijiya ne. Zaren da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa jijiya ne. Igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi ma jijiya muke ce mata. Saboda haka idan aka ce haƙori da ido jijiyarsu ɗaya, mai saurare ba shi da hanyar sanin wacce ake nufi.

A nan za mu raba su. Jijiyar jini iri biyu ce: mai fito da jini daga zuciya, wadda ke harbawa in ka ɗora yatsa a wuyan hannu, da mai mayar da shi. Jijiyar saƙo kuwa ba jini a cikinta, kamar wayar lantarki take, wata tana kai labarin zafi ko taɓawa zuwa ƙwaƙwalwa, wata tana kawo umarnin motsi zuwa tsoka. Allurar kashe zafi jijiyar saƙo take nema, jijiyar jini kuma guje mata take yi. Rabin ilimin aikin yana cikin wannan bambanci.

Hanyar da zafin haƙori ke bi, da maganar ido

Jijiyoyin saƙo 12 ne ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane ɓari na kai. Ta biyu ita ce ta gani. Ta biyar, wadda likitoci ke kira tirajeminal, ita ce mai ɗaukar jin fuska da baki gaba ɗaya, kuma reshe uku gare ta. Na sama yana kula da goshi da fatar ido. Na tsakiya yana kula da kunci, gefen hanci, leɓen sama, ganɗa da haƙoran sama. Na ƙasa yana kula da muƙamuƙin ƙasa, haƙoransa, leɓen ƙasa, haɓa da kashi biyu cikin uku na gaban harshe.

Babu wani zare da ya tashi daga saiwar haƙori ya shiga jijiyar gani. Cire haƙori ba ya tsinke komai na ido. To daga ina maganar ta samo asali? Ba haka kawai mutane suka ƙirƙire ta ba. Reshen nan na tsakiya yana ratsawa ta ƙasan kwarmin ido kafin ya sauko ga haƙora, shi ya sa mai ciwon fiƙar sama yakan ji zugin har ƙarƙashin idonsa. Sannan shekarun da haƙora ke fara zubewa su ne shekarun yanar ido da hawan jinin ido, sai a haɗa abu biyun da suka zo lokaci guda a ce ɗaya ne ya jawo ɗaya. A wasu lokuta ƙalilan kuma maganin allurar kan sa mutum ya ga dishi-dishi ko ya ga abu bibbiyu na ɗan lokaci, ya wuce da zarar maganin ya sake shi.

Abin da zai iya taɓa ido da gaske shi ne ruɓaɓɓen haƙorin sama da aka bari ya tara mugunya. Mugunyar na iya hawa ta kumbura ƙasan ido, ta shiga kwarminsa, wani lokaci ma ƙwayoyin cutar su bi jijiyoyin jinin fuska zuwa wata mahaɗar jini da ke ƙasan ƙwaƙwalwa. Ke nan wanda ya ƙi cire haƙori don tsoron makanta, shi ne ya fi matsawa kusa da abin da yake gudu.

Akwai wata jijiyar da mataimaki ya kamata ya sani da kyau, ta bakwai, mai motsa tsokar fuska. Tana ratsa wurin nan da ke gaban kunne inda ake sarrafa yawu, daidai inda hangum ke kumbura wa yara. In allurar muƙamuƙin ƙasa ta zarce baya fiye da ƙima, maganin kan zuba a can, sai ɓarin fuska ya saki, baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa. 'Yan rakiya sukan ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce. Mataimakin da ya san abin zai kwantar musu da hankali, ya rufe idon da auduga don kada ya bushe, cikin 'yan sa'o'i fuskar ta koma daidai.

Me ya sa allurar sama daban, ta ƙasa daban

Babban mutum yana da haƙora 32, yaro kuma 20 kafin ya fara famfara. Ƙashin da ke riƙe da na sama sakayau ne mai ƙananan huji, don haka in an zuba magani a dasashi kusa da saiwa, yakan tsotsa ya isa jijiya. Ƙashin muƙamuƙin ƙasa kuwa mai kauri ne, magani ba ya ratsa shi da sauƙi. Dole likita ya je can baya, kusa da wata 'yar ƙofa da jijiyar ke shiga cikin ƙashin, ya tare ta tun daga tushe. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai zo da ciwon turmi ɗaya amma ya ji rabin leɓensa da haɓarsa da gefen harshensa sun yi nauyi. Ba kuskure aka yi ba, alama ce cewa allurar ta kama.

A sama kuma akwai wani kogon iska cikin ƙashin kunci, wanda ke da ƙofa zuwa hanci. Saiwoyin turamen sama suna dab da ƙasansa, wani lokaci ɗan siririn ƙashi ne kawai tsakaninsu. In aka cire irin wannan haƙori, kafa na iya buɗewa tsakanin baki da kogon. Shi ya sa ake hana wasu fyace majina da ƙarfi na kwanaki bayan aiki.

Abin da maganin ke yi a jiki

Maganin da aka fi amfani da shi shi ne lidokain, wanda wani masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Nils Löfgren, ya haɗa a 1943. Jijiyar saƙo tana aika labari ne ta hanyar buɗe wasu ƙananan ƙofofi a jikinta, sinadarin sodiyam ya kwarara ciki. Lidokain yana toshe ƙofofin. Haƙori na ta aika ƙara, amma ba ta isa ƙwaƙwalwa. Jin dannawa da jijjiga ba ya tafiya gaba ɗaya, don haka yana da kyau a gaya wa majinyaci tun farko cewa zai ji ana turawa, zafi ne ba zai ji ba.

Irin waɗannan ƙofofi suna nan a ƙwaƙwalwa da zuciya. In maganin ya yi yawa, ko ya shiga jijiyar jini kai tsaye, can zai je ya yi aikin da aka so ya yi a baki. Alamun farko su ne jiri, ƙarar kunne, ɗanɗanon ƙarfe a baki, surutu marar kan gado, karkarwar tsoka, daga nan sai jijjiga irin ta farfaɗiya. Saboda haka ne likita ke ɗan jan sirinji baya kafin ya tura magani, ya ga ko jini zai biyo.

Lissafin ba shi da wuya, amma rai na rataye da shi. 'Yar kwalbar da ake sa wa sirinjin haƙori tana ɗaukar mililita 1.8, kuma in ƙarfin maganin kashi 2 cikin 100 ne, akwai miligiram 36 a ciki. Likitocin haƙoran yara da yawa ba sa wuce miligiram 4.4 a kowane kilo na nauyin jiki. Yaro mai kilo 15 ke nan iyakarsa miligiram 66, bai kai kwalba biyu cikakku ba. Babban mutum zai ɗauki kwalba huɗu ya tashi ya hau babur ɗinsa, wannan adadin a jikin ƙaramin yaro guba ne. Wanda ke ɗora yaro a sikeli, yake kuma ƙirga kwalaben da aka buɗe, mataimaki ne.

Yawanci ana gauraya maganin da ɗan adirenalin. Yana tsuke jijiyoyin jinin wurin, sai maganin ya daɗe bai gudu ba, zubar jini ma ta ragu. Shi ne ke sa wasu su ji gabansu na faɗuwa na minti ɗaya ko biyu bayan allura. Ga mai lafiya ba komai, amma ga mai ciwon zuciya ana taƙaita shi sosai, sau da yawa kwalba biyu kacal. Hanta ce ke narkar da lidokain, ƙoda ta fitar da ragowar, don haka mai ciwon hanta maganin kan daɗe a jininsa.

Sai kukan da aka saba ji: an yi mini allura amma ba ta kama ba. Sau da yawa gaskiya mai kukan ya faɗa. Naman da ya tara mugunya yana yin tsami, kuma a cikin tsami maganin ba ya iya ratsa jikin jijiya da kyau. Wanda ya jira sai kuncinsa ya haye kafin ya zo, ya rage wa allurar ƙarfi da kansa.

Kashe zafi daban, sa barci daban

Mutane kan haɗa su wuri guda su ce allurar barci. Kashe zafi na wuri ɗaya ne, mutum na farke, yana haɗiye yawunsa, yana tari in wani abu ya sarƙe shi. Sa barci kuwa ƙwaƙwalwa ake taɓawa, kuma hawa-hawa ne. Akwai na kwantar da hankali kawai, mutum na amsa magana. Akwai matsakaici, yana gyangyaɗi amma in an kira sunansa ya amsa. Akwai mai zurfi, sai an tsunkule shi yake motsi. Sai na ƙarshe, irin na ɗakin tiyata, wanda ko yanka ba ya tashin mutum. Tsakanin hawa da hawa babu bango. Adadin da ya sa wannan gyangyaɗi zai iya nitsar da wancan, musamman yaro ko tsoho.

Likitocin haƙori ne ma suka buɗe wa duniya wannan ƙofa. Horace Wells ya gwada iskar nan mai sa dariya wajen cire haƙori a Amurka a 1844, William Morton kuma ya nuna aikin wani sinadarin sa barci mai suna ether a gaban likitoci a Boston ranar 16 ga Oktoba, 1846. Yau ana amfani da magunguna irin su midazolam da ketamin da furofofol, kuma mafi yawan magungunan barci suna raunana numfashi ko tsokar da ke riƙe hanyarsa a buɗe.

Hanyar numfashi: nan ake asarar rai

Iska tana shiga ta hanci ko baki, ta haɗu da hanyar abinci a bayan harshe, sannan su rabu. Ta gaba maƙogwaro ce, mai zuwa huhu. Ta baya ita ce mai zuwa ciki. A bakin maƙogwaro akwai wani ɗan murfi na guringuntsi da ke rufewa duk sanda aka haɗiye abu, a ƙarƙashinsa kuma tantanin murya guda biyu. In ɗigon ruwa ya kuskure ya bi ta nan, sai mutum ya ƙware, ya yi ta tari har ya fito da shi. Wannan tarin gadi ne da Allah ya sa wa huhu, kuma maganin barci yana kwantar da mai gadin.

Aikin baki ya bambanta da kowace tiyata a nan. Mai yi wa mutum aiki a ƙafa yana nesa da hanyar numfashi. Likitan baki a bakin ƙofarta yake aiki, yana zuba ruwa, jini na fita, gutsattsarin haƙori na tashi. Bututun zuƙe yawu da ake gani kamar kayan share wuri, shi ne ke hana duk wannan gangarawa. Akan kuma sa ƙyallen auduga a bayan baki ya tare abin da zai faɗa, kuma dole a ƙirga shi a tabbatar an ciro shi bayan an gama. Abin da ya kuɓuce ya shiga maƙogwaro ya fi faɗawa huhun dama, saboda bututunsa ya fi faɗi, ya fi miƙewa.

Abin da ya fi toshe numfashin mai barci shi ne harshensa. Harshe tsoka ce da ke manne da muƙamuƙin ƙasa. In ta saki, sai ta koma baya ta rufe hanya. Alamarta minshari. Ɗan rakiya zai ji minshari ya ce alhamdu lillahi ya samu barci, amma a kunnen wanda ya san jiki, minshari na nufin hanya ta ƙuntata. Maganinsa ba ya buƙatar na'ura: a ɗaga haɓa, a ɗan mayar da kai baya, ko a sa yatsu bayan kusurwar muƙamuƙi a turo shi gaba, harshe ya biyo. Wanda ya fi minshari muni shi ne shiru, ƙirji da ciki na fafutuka amma iska ba ta wucewa. Wannan kan faru in jini ko yawu ya ɗiga a kan tantanin murya suka datse da ƙarfi. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashin iskar oksijin fiye da minti 4 zuwa 6 ba tare da ta fara lalacewa ba.

Yara sun fi shiga wannan haɗari. Harshensu babba ne in aka gwada da bakinsu, maƙogwaronsu siriri, jikinsu na cin oksijin da sauri fiye da na babba, ajiyar huhunsu kuma kaɗan ce. Yaron da ke mura ko bai daɗe da warkewa ba, maƙogwaronsa ya fi saurin datsewa. Uwar da aka ce ta koma da ɗanta sai mura ta wuce, ba wulaƙanta ta aka yi ba.

Dokar hana cin abinci ma daga nan ta fito: sa'a 6 ba abinci, sa'a 2 ba ruwa, kafin maganin barci. In mai barci ya yi amai, ba shi da tarin da zai kare huhunsa, ruwan ciki kuma mai tsami ne, yana ƙona huhu. Na san tausayi ne ke sa uwa ta ba yaro ɗan koko a ɓoye don kada ya shiga aiki da yunwa. Wanda ya yi haka, don Allah ya faɗa, a ɗaga aikin zuwa wani lokaci.

Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan oksijin a jini, kuma mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. Amma tana da jinkiri, mutum zai iya daina numfashi lambarta ba ta faɗi nan take ba, musamman in ana ba shi oksijin. Na'urar da ke auna iskar da ake fitarwa ta fi ta saurin tona asiri. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: wani bincike da aka buga a 2020 daga Jami'ar Mishigan ya nuna na'urar yatsa ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata, kusan ninki uku in aka gwada da farar fata. Baƙin lalle da fentin farce ma kan ruɗa ta. Littattafan koyarwa da yawa suna cewa a duba leɓe ko ya koma shuɗi, alhali a fatarmu wannan ba ya fitowa da wuri. Cikin leɓe ake dubawa, da dasashi, da harshe, da cikin fatar ido. Sama da komai, a riƙa kallon ƙirji yana hawa yana sauka.

Suma a kan kujera

Larurar gaggawa da ta fi faruwa a asibitin haƙori ita ce suma, kuma ba ta zaɓar mai rauni, ƙaton saurayi ma yana zubewa da ganin allura. Tsoro yana buɗe jijiyoyin jini, jinin ya taru a ƙafafu, sannan jijiyar saƙo ta goma ta rage bugun zuciya, ƙwaƙwalwa ta rasa isasshen jini. Kafin mutum ya faɗi akwai alamu: hamma, gumi mai sanyi a goshi, tashin zuciya, ya ce yana jin zafi. Abin yi shi ne a kwantar da kujera, a ɗaga ƙafafu. Zaunar da shi ko yi masa ɗurar ruwa ƙara ɓarna ne. Mai tsohon ciki ita kuma a karkata ta gefen hagu, domin in ta kwanta rigingine mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya.

Ba kowace suma ce ta tsoro ba. Mai ciwon suga da ya sha magani ya fito bai karya ba, sugansa na iya faɗuwa. Mai hawan jini da bai san yana da shi ba, zafi da fargaba na iya ingiza jinin sama. Zuciyar babban mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, awon jini kuma daga 140 bisa 90 zuwa sama ana lissafa shi hawan jini. In ba a auna kafin a fara ba, ba a san da me za a gwada ba in abu ya rikice. Masu sikila kuma, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, ƙarancin oksijin da ƙishirwa da sanyi na iya tayar musu da ciwo, don haka sa su barci aiki ne na babban asibiti.

Gudan jinin da ke cikin rami

Bayan an cire haƙori, ƙananan ƙwayoyin jini masu manne wa juna suna toshe wurin, sannan wasu sinadarai, waɗanda hanta ke sarrafa mafi yawansu, su saƙa raga a kai. Gudan jinin nan shi ne murfin ƙashi, a kansa sabon nama ke tsirowa. Shi ya sa ake cewa a cije auduga kamar rabin sa'a, kada a kuskure baki da ƙarfi ko a yi ta tofar da yawu a ranar farko, kada a sha taba. In gudan ya fita, bayan kwana biyu zuwa huɗu ƙashi zai zauna tsirara, da zugi mai hawa har kunne. Masu shan magungunan da ke tsinka jini irin su asfirin ko wafarin, da masu ciwon hanta, da gidan da aka san jini ba ya tsaya wa mazansu bayan kaciya, duk sai sun faɗa tun kafin a taɓa su.

Kumburin da ba a kwana da shi

Saiwoyin turamen ƙasa na baya suna sauka ƙasa da tsokar da ta shimfiɗa ƙasan baki. In suka ruɓe, mugunya na iya ɓallewa ƙarƙashin haɓa ta ɓangarori biyu, wurin ya yi tauri kamar itace, harshe ya ɗagu sama ya koma baya. Wani likita Bajamushe, Wilhelm von Ludwig, ya bayyana wannan ciwo a 1836, har yau da sunansa ake kiransa, kuma har yau yana kisa ta hanyar shaƙe mutum. Kumburi a ƙarƙashin haɓa tare da kasa haɗiye yawu, kasa buɗe baki ko sauyin murya, ba na kemis ba ne, ba kuma na jiran gari ya waye ba.

Kasa buɗe baki matsala ce babba ga mai sa barci, domin ta baki ake zura bututun numfashi. Masu aiki a Asibitin Cutar Noma na Sakkwato, wanda aka kafa a 1999, sun fi kowa sanin wannan, saboda cutar noma mai zaizaye baki da fuska takan bar muƙamuƙin waɗanda suka tsira a ƙulle. Najeriya ce ta jagoranci neman a sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a Disamban 2023.

Gardamar da ba ta mutu ba: wa zai sa ido?

A Amurka an saba likitan tiyatar baki shi ne mai cire haƙori, shi ne kuma mai kula da maganin barci, da mataimaka biyu a gefensa, ɗaya na taya shi aiki, ɗaya na kallon na'urori. Masu goyon bayan tsarin suna cewa likitocin sun samu horon sa barci, kuma kawo wani ƙwararre daban zai tsawwala kuɗi, ya hana masu ƙaramin ƙarfi samun magani. Masu suka suna cewa mutum ɗaya ba zai raba hankalinsa biyu ba, mataimaki kuma, komai jarrabawar da ya ci, ba shi da horon ceto numfashin da ya tsaya. Mutuwar wani yaro ɗan shekara 6 a Kalifoniya a 2015, bayan an sa shi barci don cire haƙori, ta jawo dokar da ake kira Dokar Caleb. A 2019 ƙungiyoyin likitocin yara da na haƙoran yara na ƙasar suka fitar da ƙa'idar cewa in za a sa yaro barci mai zurfi, sai da ƙwararre na biyu wanda ba shi da wani aiki sai kula da barcin. Birtaniya ta riga ta yanke hukunci tun farkon 2002, ta mayar da cikakken maganin barci na aikin haƙori cikin asibiti kawai.

A wurinmu yawancin cire haƙori da allurar kashe zafi kaɗai ake yi, manyan ayyuka kuma akan tura su asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A ganina wannan rabon daidai ne, bai kamata a sassauta shi ba. Duk ɗakin da za a sa yaro barci mai zurfi, a samu mai kula da barcin shi kaɗai, da oksijin, da abin hura numfashi, da na'urar zuƙa mai aiki ko an ɗauke wuta. Amma likitocin haƙori sun yi ƙaranci a Arewa, a garuruwa da yawa masu matsakaicin horo ne ke riƙe da sashen haƙori. Wannan ƙarancin shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata horonsu ya tsaya ga sunayen kayan aiki da wanke su ba.

Abin da ya rage ga mai zuwa asibiti

Tambayoyin da ake yi kafin aiki ba cika takarda ba ne. A faɗi hawan jini, ciwon suga, asma, farfaɗiya, sikila, juna biyu, da duk maganin da ake sha, har na gargajiya. Wanda ke shan tiramadol ko kodin ya cire kunya ya faɗa, domin su ma suna danne numfashi, in suka haɗu da maganin barci nauyin ya zama biyu. Mai yawan minshari da dare, wanda iyalinsa ke cewa numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, shi ma ya ambata. In an ce za a sa yaro barci, uba ko uwa na da damar tambaya: wa zai kula da numfashinsa yayin da likita ke aiki, kuma akwai oksijin a ɗakin?

Bayan an dawo gida, leɓe da harshe kan ɗauki sa'a 3 zuwa 5 kafin su dawo daidai. Yara sukan yi ta taunar leɓen saboda ba sa jin zafi, washegari a ga gyambo a ɗauka allurar ce ta ƙone su, don haka a sa musu ido, a hana su abu mai zafi har nauyin ya saki. Yaron da aka sa wa maganin barci kuma a kwantar da shi ta gefe, kada a goya shi kansa ya langaɓe gaba, haɓa ta danne ƙirji. In jini ya ƙi tsayawa bayan an sake cije auduga mai tsabta, ko kumburi ya fara gangarowa wuya, ko yaro ya ƙi farkawa sosai, a koma asibiti a daren.